Tarin Fuka: Wata Shida Ba Ragi

A watan Oktoba na 2025 aka ba masana uku lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci, watau Shimon Sakaguchi na ƙasar Japan, da Mary Brunkow da Fred Ramsdell na Amurka. Manomin da ya ji labarin a rediyo a Kiru ko Bebeji yana iya cewa wannan sha'anin manyan ƙasashe ne, babu ruwansa. Alhali kuwa abin da mutanen nan suka gano ya shafi kowane gida da ke jinyar mai tarin fuka.

Kamar yadda aka sani, Allah ya sanya wa jikin ɗan Adam dakaru a cikin jini, watau fararen ƙwayoyin da ke far wa kowace cuta da ta shigo. A 1995 Sakaguchi ya nuna cewa a cikinsu akwai wani ƙaramin rukuni wanda ba ya yaƙi, aikinsa shi ne tsawata wa mayaƙan don kada su wuce gona da iri su auka wa jikin da suke tsaro. A 2001 sauran biyun suka gano ƙwayar gadon da daga baya aka tabbatar ita ke sarrafa wannan rukuni. Matsayinsu a jiki matsayin linzami ne a bakin doki, saboda haka ba laifi a kira su ƙwayoyin linzami.

Ƙwayar cutar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya a 1882, ta iya cin moriyar wannan linzami. Gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna ƙwayoyin linzami suna jinkirta isowar mayaƙa cikin huhu, kafin nan cutar ta sami wurin zama. A jikin mutane kuma an tarar suna ƙaruwa a jinin majinyaci, suna kuma taruwa a inda ciwon yake. Wannan yana cikin dalilan da suka sa cutar take iya laɓewa shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa kamuwa da ƙwayar, amma biyar zuwa goma ne kawai cikin ɗari za su kwanta ciwo.

Wani zai ce to a tsinke linzamin mana, a bar dakarun su gama da ita. Abin bai zo da sauƙi haka ba. Ramukan da ake gani a hoton ƙirjin majinyaci, da jinin da yake tofarwa, yawancinsu ɓarnar yaƙin da jiki ya yi ne fiye da kima. Shi ya sa idan cutar ta hau ƙwaƙwalwa likitoci kan haɗa maganinta da dexamethasone, wanda aikinsa rage ƙarfin dakarun ne. Har yanzu babu wani magani da aka amince da shi wanda ke saita ƙwayoyin linzami a jikin mai tarin fuka. Ana kan bincike.

Abin da ke hannu, wanda kuma ya tabbata yana warkarwa, shi ne maganin wata shida da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati: magunguna huɗu a wata biyun farko, sa'an nan biyu daga cikinsu har wata huɗu. A nan ne ake yin asara. Bayan 'yan makonni tari ya lafa, zufar dare ta ɗauke, mutum ya fara cin tuwo, sai ya ɗauka ya warke. In damina ta kama, gonar masara ko ta shinkafa tana jira, kuɗin mota zuwa asibiti kuma babu, sai a ajiye kati. Ƙwayoyin cutar da suka saura a laɓe su ne masu dawowa, wani lokaci su dawo da taurin kan da maganin farko ba ya jin su, kuma a wannan hali majinyacin yana raba wa iyalinsa.

Akwai wata ɗabi'a da ta fi wannan muni. Dexamethasone ɗin nan da likita ke bayarwa bisa awo, shi ne wasu ke saye a kemis ba takarda, suna sha don su yi ƙiba ko don ciwon jiki. Wanda ya daɗe yana shan sa ya danne dakarun jikinsa da hannunsa, in kuwa ƙwayar tarin fuka tana kwance a huhunsa, ya buɗe mata ƙofa. Wajibi ne hukumomin da ke kula da sayar da magunguna su sa ido a kan kemis-kemis na ƙauyuka da masu tallar magani a kasuwanni irin ta Kwanar Dangora.

Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta dubi nisan wannan yanki da idon basira. Bai dace a ce mutumin Doguwa ko Tudun Wada sai ya yi tafiyar awoyi zuwa Asibitin Zana a cikin Kano kafin a auna majinarsa ba. Majinar ce ya kamata ta yi tafiya a kan babur zuwa inda na'urar GeneXpert take, magani kuma ya iske majinyaci a ɗakin shan magani mafi kusa da gidansa. Masu haƙar ma'adinai a Riruwai suna bukatar kulawa ta musamman, domin ƙurar dutse tana raunana huhu, tana kuma ninka haɗarin kamuwa. Hakimai da dagatai da limamai su ma suna da nasu aikin: duk wanda ya yi mako biyu yana tari a tura shi gwaji, wanda ya fara magani kuma a sa wani na gida ya tsaya a kansa har ya cika wata shida.

Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma kaso mai yawa na kuɗin yaƙi da ita daga waje yake zuwa. A 2025 Amurka ta zabtare taimakon da take bayarwa a fannin lafiya. Tilas ne gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su ware kuɗin gwaji da na jigilar majina da na bin sawun waɗanda suka daina zuwa karɓar magani a cikin kasafinsu na bana, su kuma sake shi a kan lokaci.