FORT BRAGG: SAUYA WA TUWO SUNA BA YA HANA SHI ZAMA TUWO

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa matasa, da yawanmu mun san sojan kundumbalar Amurka ne a fim kawai, inda mutum ɗaya zai karkashe ɗari ko ƙwarzane bai yi ba. To, yau bari mu leƙa gidan da ake ƙyanƙyashe su, wato barikin Fort Bragg da ke jihar North Carolina, mu ji abin da tarihi ya ce.

An kafa barikin a 1918 don horar da sojan igwa, aka sa masa sunan Janar Braxton Bragg. Wane ne shi? Kwamanda ne a rundunar Kudu da ta yi tawaye a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, don kada a hana bautar da baƙar fata. Shi kansa yana da gandun rake a Louisiana da bayi sama da 100. Shekaru fiye da 100 baƙaƙen sojoji, jikokin bayi, suna fareti ƙarƙashin sunan wanda ya yi yaƙi don kakanninsu su dawwama cikin mari!

A 1952 aka kafa rundunar sojan musamman ta farko a nan, ƙarƙashin Kanar Aaron Bank. A 1961 Shugaba Kennedy ya ziyarci barikin, ya amince musu da koriyar hular da aka san su da ita. A 1977 Kanar Charles Beckwith ya kafa rundunar Delta. Aikinsu ba irin na sojan da muka saba gani ba ne. Ana koya musu harsunan mutane da al'adunsu, su shiga ƙasa a ɓoye, su horar da sojanta ko 'yan tawayenta, gwargwadon wanda Washington take so ya ci.

Amma shin ba a taɓa ka da su ba? A watan Afrilun 1980 aka tura Delta ta ƙwato Amurkawan da ɗalibai suka tsare a ofishin jakadanci a Tehran. Jirage masu saukar ungulu 8 suka tashi, guguwar rairayi ta tare su, wasu suka lalace, har aka fasa aikin a hamadar Tabas. Wajen juyawa wani jirgin ya yi karo da babban jirgi, Amurkawa 8 suka halaka, ba tare da an yi arangama da sojan Iran ba. A Oktoban 1993 kuma, a Mogadishu, sojan Amurka 18 suka mutu, amma ɗaruruwan Somaliyawa da suka rasa rayukansu ba wanda ya damu da sunayensu.

Kada ɗan uwa ya ce wannan labarin nesa ne. Ranar 4 ga Oktoban 2017, a ƙauyen Tongo Tongo da ke jihar Tillaberi ta Nijar, 'yan bindiga suka yi kwanton ɓauna suka kashe sojan Amurka 4 na runduna ta 3 ta sojan musamman, wadda gidanta Fort Bragg, tare da wasu sojan Nijar. Sai a lokacin wasu manyan sanatocin Amurka suka furta cewa ba su san suna da ɗaruruwan sojoji a Nijar ba. In masu ba da kuɗin ba su sani ba, ina ga talakan Tillaberi? Sai a 2024 sojan Amurka suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar.

Bayan kisan George Floyd a 2020, surutu ya yi yawa, sai a 2023 aka mai da sunan barikin Fort Liberty, wai barikin 'yanci. A 2025 gwamnatin Trump ta dawo da Bragg, da dabarar cewa wani Roland Bragg ne, ƙaramin soja na Yaƙin Duniya na Biyu. An sauya allo sau biyu, amma ba a sauya aikin da ake yi a ciki ba.

Darasinmu ke nan, ya 'yan uwa. Kada suna ya ruɗe mu, ko "'yanci" ne, ko "horaswa", ko "taimakon tsaro". Duk lokacin da aka ce baƙin sojoji sun sauka a ƙasarmu, haƙƙinmu ne mu tambayi mahukunta: wace yarjejeniya aka sa wa hannu? Su nawa ne? Yaushe za su tafi? In sun kashe ɗan ƙasa, wace kotu za ta hukunta su? Matashin da bai san tarihi ba, fim ne zai zama malaminsa.

Allah Ya sa mu gane gaskiya, Ya ba mu ikon bin ta. Wassalam.