Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Kwalejin Fasaha Ta Umaru Ali Shinkafi, Sakkwato



Ina rubuto muku ne daga Ƙofar Rini, inda magidanci kan gama katangun ɗakinsa da tubali, sa'an nan rufi ya gagare shi, domin azarar giginya ta yi ƙaranci, kwano kuwa ya yi tsada, kuma idan bazara ta kama ba ya barin mai ɗaki ya runtsa.

Akwai wata hikima da Bafaranshe Lambot ya ƙera jirgin ruwa da ita a 1848, wadda injiniya Nervi na Italiya ya rufa manyan zauruka da ita daga bisani: a shimfiɗa ragar waya ninki-ninki, a shafe ta da kwaɓin siminti da yashi, a riƙa ba ta ruwa har ta yi ƙarfi, sai a sami falle mai kauri kamar santimita 3, wanda idan aka lanƙwasa shi yakan ɗauki rufi ko daɓen bene, ba katako, ba ƙarfe mai yawa. In aka ɗora masa ƙasa irin ta soro, zafi ya ragu.

Tun da siminti a Kalambaina ake yin sa, yashi kuma ga shi a gulbin Rima, abin da ya rage shi ne ilimi, wanda amana ce a wuyanku. Muna roƙonku, don Allah, ku jarraba wannan fasaha, ku tabbatar da ingancinta, ku gina ɗaki guda na misali a unguwarmu, kana ku koyar da maginanmu, domin maslahar talakawa.

Allah Ya yi muku jagora, amin. Wassalam.

Naku,
Wani mazaunin Ƙofar Rini, Sakkwato