Launin fata ba shaidar laifi ba ne

A shekarar 2011 kaɗai, 'yan sandan birnin Niyok na Amurka sun tare mutane a kan titi sau 685,724, suka yi musu tambayoyi, da yawa har aka laluba jikinsu. Kusan tara cikin goma an sallame su ba tare da kamu ko sammaci ba. Fiye da rabin waɗanda aka tare baƙar fata ne, alhali ba su kai kashi ɗaya bisa huɗu na mazauna birnin ba.

Magajin garin na lokacin, Michael Bloomberg, ya dage cewa ta haka ake raba matasa da bindiga, kuma ran baƙar fatan ake ceto. Ba mu raina wannan hujja ba, domin uwar da harsashi ya raba da ɗanta tana da haƙƙin neman tsaro. Sai dai alƙaluman da suka fito a kotu a 2013 sun nuna cewa cikin kowane lalube 100, ba a sami makami ko a biyu ba. Abin da ya fi ɗaure kai, an fi samun makamin a jikin farar fata. Mai shari'a Shira Scheindlin ta yanke hukuncin cewa yadda ake gudanar da aikin ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar.

An yi ta kururuwar cewa in aka sassauta, jini zai kwarara. Zuwa 2016 tarewar ta ragu zuwa kimanin 12,000, kisan kai kuma ya sauka daga 515 a 2011 zuwa 335. Shi kansa Bloomberg ya nemi afuwa a 2019.

Mu 'yan Afirka ta Yamma ba mu manta da Amadou Diallo ba, matashi ɗan ƙasar Gini da 'yan sanda suka buɗe wa wuta da harsashi 41 a ƙofar gidansa a unguwar Bronx ta birnin Niyok a 1999. Jakar kuɗinsa ce a hannunsa.

Matsayinmu shi ne, ɗan sanda ya tare mutum saboda abin da ya gan shi yana yi, ya kuma rubuta dalilin da sunansa, yadda alƙali zai iya tambayarsa gobe. Wanda aka laluba saboda fatarsa kawai an zalunce shi, ko da an sallame shi nan take.