Ladabin Tambayar Suna da Ingilishi

Ya kai ɗalibi, tun kana firamare aka koya maka cewa idan kana son sanin sunan mutum da Ingilishi, sai ka ce masa, "What is your name?" Jimlar nan ba ta da aibi ta fuskar nahawu. Amma a ganina, malamin da ya tsaya a kanta kaɗai rabin darasi ya ba ka. Ita ce tambayar da ɗan sanda yake yi wa wanda ya tsare, ita ce kuma akawun asibiti yake yi idan zai cika kati. In ka jefa wa sa'an mahaifinka ita haka kai tsaye, zai amsa maka, sai dai ya riga ya yanke hukunci a kan tarbiyyarka.

Ga inda matsalar take. Da Hausa, idan kana magana da babba kana iya ce masa "ku" maimakon "kai", kamar yadda Bayarabe yake ce wa na gaba da shi "ẹ". Ingilishin yau ba shi da wannan gata. A da yana da "thou" da ake faɗa wa na kusa ko na ƙasa, amma kalmar ta fita daga bakin jama'a tun ɗaruruwan shekaru da suka wuce, aka bar "you" ita kaɗai, sarki da talaka duk da ita ake kiransu. Saboda haka nauyin girmamawa ya koma kan wasu ƙananan kalmomi, wato "may" da "could" da "please". Wanda ya ce, "May I know your name, please?" izini ya nema, ya kuma bar wa mutum damar amsawa cikin mutunci. Haka ma "Could you tell me your name?" A waya kuwa, "May I ask who is calling?" daidai take da "Da wa nake magana?" Amma "Who are you?" tana kama da neman faɗa, ko da ba haka kake nufi ba.

Akwai tarko biyu da ɗalibai suke yawan faɗawa ciki. Na farko, idan ka saka tambaya a cikin wata tambayar, sai aikatau ya koma ƙarshe: "Can you tell me what your name is?" Kada ka ce "what is your name" a wannan gurbi. Na biyu ya zama ruwan dare a ƙasar nan, har a bakin manya a gidajen rediyo, wato "My names are". Ko sunayenka uku ne, a daidaitaccen Ingilishi suna ɗaya ake ɗaukarsu, don haka "My name is" ake cewa. In cikakken suna kake bukata, ka nemi "full name".

Wani zai ce duk wannan iyayi ne, tunda dai an fahimci abin da ake nufi. Ban yarda ba. Ranar da ka je ganawar neman aiki, ko ka shiga ofis neman takarda, jimlarka ta farko ita za ta sa a saurare ka da sakin fuska ko a sallame ka da sauri. Kuma ladabin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. A al'adar Hausawa akwai alkunya, inda mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye da yawa kuma ba sa ambaton sunan ɗan fari. Mutanen da suke ɗaukar suna da irin wannan nauyi bai kamata su riƙa fizgarsa daga bakin mutum ba don kawai sun juya harshe.

Hanyar da na fi so ita ce ka fara da gaisuwa, ka faɗi naka sunan, sannan ka ɗan dakata. Galibi mutum zai faɗi nasa ba tare da ka tambaya ba. Idan dattijo ne ko mai muƙami, ka ce, "How should I address you, sir?" domin ya zaɓi abin da yake so a kira shi da shi, ko Alhaji ne, ko Dokta, ko Cif. Idan kuwa an faɗa maka sunan amma hayaniya ta hana ka ji, kada ka yi shiru kana ta kame-kame, ka ce, "Sorry, I didn't catch your name."