Don Allah A Daina Yi Wa Kwamfuta Fomatin Don Kawai Kalar Icon Ta Canza A Remote Desktop

Yau dai sai na yi wannan maganar. Wani abokina ya shiga kwamfutar ofishinsu daga gida ta Remote Desktop, ya ga icon-icon ɗinsa sun koɗe, wasu da baƙin zagaye a gefe. Ya kai wa mai gyara, aka ce masa virus ne, aka yi fomatin. Takardun aikinsa suka tafi, ya biya kuɗi, ya koma gida ya sake haɗawa, kalar tana nan yadda take. Wai wannan gyara ne ko ɓarna?

Ka gane wani abu. Abin da kake gani a Remote Desktop hoton allon waccan kwamfutar ne ake turo maka ta intanet. In sabis ya yi rauni ko saitin ya yi ƙasa, sai a rage kalar don hoton ya yi sauƙin tafiya. Saitin 16-bit kala 65,536 kawai yake ɗauka, 24-bit kuwa ya haura miliyan 16. Shi 32-bit yana ƙara bayanin da ke sa inuwar gefen icon ta fito sumul. In aka rage shi, dole ka ga baƙi-baƙi. Ina virus a nan?

Kafin ka taɓa komai, ka cire haɗin, ka sa wanda ke kusa da waccan kwamfutar ya duba allonta. In kalar lafiya lau take a can, matsalar a hanya take, sai ka bi waɗannan:

1. Danna Windows da R, rubuta mstsc, buɗe Show Options, shiga Display, a ƙarƙashin Colors zaɓi Highest Quality 32 bit.

2. Shiga Experience, cire alamar Persistent bitmap caching. Wannan yana ajiye guntayen hoton allo a kwamfutarka don rage cin data, in ajiyar ta lalace sai ya riƙa nuna maka tsohon hoto. Ka rufe shirin, ka goge abin da ke cikin %localappdata%\Microsoft\Terminal Server Client\Cache.

3. In tsohuwar Windows ce, mai kula da sabar ya duba Limit maximum color depth a cikin Group Policy. Daga Windows 8 da Server 2012 zuwa sama, ba a bin wannan iyakar, 32-bit ake amfani da shi.

4. In kuma har a can kalar ta ɓaci, ajiyar icon ce. A Windows 10 rubuta ie4uinit.exe -show, ko ka goge IconCache.db ka sake kunna kwamfutar, Windows za ta gina sabo da kanta.

Masu TeamViewer, ku duba ko kun sa Optimize speed, shi ma yana rage kala da gangan.

Na san wani zai ce ai fomatin yana maganin komai. Ƙarya ne. Ba ya maganin abin da ba a cikin kwamfutar yake ba. Gaskiya ne in data ta yi maka tsada ko sabis na jan ƙafa, rage kala dabara ce mai kyau, ni ma ina yi. Amma ka yi shi da saninka, kada wani ya sayar maka da shi a matsayin cuta.

Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah. In ba ka san matsala ba, ka ce ba ka sani ba, ko ka bincika. Fayil ɗin mutum amana ce a hannunka, kuma abin da ka goge ba lalle ya dawo ba.

Wanda ya gwada bai dace ba, ya faɗi irin Windows ɗin da ke ɓangarorin biyu, sai mu duba tare.