Harbin saiti da saran takobi: ra'ayinmu kan dokar wasan matasanmu



Asabar biyu ke nan a jere ana tashi baram-baram a wasan da matasanmu suke yi a ɗakin taron ƙungiya bayan la'asar, har biyu daga cikinsu sun ce sun daina zuwa. Mu a kwamiti ba mu so haka ba, domin wannan zaman ne ya raba yaran da zaman bakin titi. Shi ya sa muka zauna muka saurare su.

Ga wanda bai sani ba, sunan wasan Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a Amurka a 1974. A kan tebur ake yinsa, da takarda da fensir da dayis irin na ludo, sai dai babban cikinsu fuska 20 gare shi. Kowa yana da jarumi, kowane jarumi yana da makin rai, mutum ɗaya kuma yana jan labari yana alƙalanci. Ba a sa kuɗi, mun tabbatar, don kada iyaye su ji dayis su ɗauka caca ce.

Rigimar ita ce: mai baka ya ce ya saita kan abokin gaba, dayis ya ba shi, don haka a rubuta ya mutu nan take. Littafin dokar 2014 da suke amfani da shi bai tanadi saita wani sashen jiki ba. Ko ka samu mutum ko ka kuskure, sai a rage masa maki.

Ra'ayinmu shi ne a yarda da saiti, amma ya zo da tsada, kuma kada ya zama kisa. Idan harbin kai yana kashewa nan take, wane ne zai sake harbin wani wuri? Jarumin da ya yi wata shida yana tara maki 50 da wanda ya shigo jiya da maki 8 sun zama ɗaya ke nan. Sannan akwai abin da masu baka suka manta: dokar da ta ba ka ita za ta ba maƙiyi. Maƙiyi a labari sau ɗaya yake fitowa ya mutu, jaruminka kuwa kowace Asabar ana harbinsa. Ba za a jima ba kibiyar wani ɗan ƙaramin ɓarawo za ta same shi a ka, wahalar wata shida ta bi ruwa. A ranar mai bakan ne zai fara cewa dokar ba adalci.

Wasu wasannin sun riga sun warware wannan. GURPS, wanda ya fito a 1986, yana rage 2 ga mai saita hannu ko ƙafa, 7 ga mai saita ƙoƙon kai, 9 ga ido. Shi da dayis uku masu fuska 6 ake jefawa, don haka ba za a kwafo lambobinsa kai tsaye ba, amma tunanin ya yi. A dayis mai fuska 20 kowane maki ɗaya kashi 5 ne cikin 100. Wanda yake buƙatar 11 yana da rabin dama. Ka rage masa 4, sai ya nemi 15, dama ta koma kashi 30. Ka rage 7, ta koma kashi 15. Wannan ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya ce kai zai harba. In ya samu kuma, na hannu ya yar da makami, na ƙafa ya rage gudu, na kai ya rasa zagaye ɗaya. Makin da za a rage yana nan yadda littafi ya ce.

Sai ƙorafin masu takobi, kuma suna da gaskiya. Dogon takobi a hannu ɗaya da babban baka duk dayis mai fuska 8 suke jefawa, alhali mai baka yana iya tsayawa ƙafa 150 daga faɗa, mai takobi kuwa shi ke shan sara. Sun nemi a ninka musu ɓarnar sara. Nan ba mu tare da su, don faɗa zai riƙa ƙarewa a zagaye biyu, masu baka su zama 'yan kallo, gobe kuma su ne za su kawo mana ƙara. Gara a sauƙaƙa musu saiti: wanda yake gaba da gaba a rage masa 2 a hannu ko ƙafa, 5 a kai. Wanda ya kusanci mutum ai ya fi ganin inda garkuwa ta bari a buɗe.

Dokar gida ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya buga Whot ya san kowane tebur da yadda yake bi da katin ɗauki biyu, kuma ba a faɗa sai in an canza doka kati yana hannu. Abin da ya faru a ɗakinmu ke nan, alƙalin ya yarda da kisa a mako na farko, ya hana a na biyu.

Mun ba da shawara a gwada wannan tsari Asabar huɗu, a rubuta shi a takarda a manna jikin bango, kada a taɓa shi ana cikin wasa. Bayan nan su zauna su kaɗa ƙuri'a da kansu. Waɗanda suka yi fushi, kujerunku suna nan, kuma mabuɗin ɗaki yana wurin ma'aji daga ƙarfe huɗu.

Sakataren ƙungiya