Ƙwayar ba a allura take ba, tana cikin aljihunmu

A shekarar 2020 jita-jita ta cika wayoyinmu cewa an saka wata 'yar ƙwayar na'ura a allurar rigakafin korona, wadda za ta riƙa faɗa wa Turawa inda mutum yake ta tauraron ɗan'adam. Mu da muke rubuta manhaja mun sha tambaya a majalisa har muka gaji. Abin haushin shi ne, masu yaɗa maganar suna yawo da irin wannan ƙwaya ta gaske a aljihunsu, ba su taɓa tambayar komai a kanta ba.

Sunanta RFID. Tana cikin fasfon Nijeriya tun 2007, tana cikin katin zaɓe na dindindin da aka fara karantawa da na'ura a zaɓen 2015, tana cikin katin bankin da ake ɗorawa a kan POS ba tare da an soka shi ba, tana cikin katin buɗe ɗakin otal. Ba ta da batir. Ƙwaya ce da siririyar wayar ƙarfe ta kewaye, tana kwance shiru sai na'urar karatu ta matso ta ba ta wuta ta iska, sannan ta faɗi abin da ke cikinta. Irin ta katin banki ba ta amsawa sai an kusanto ta da kamar santimita 10. Irin ta jikin kaya a manyan shaguna, 'yan mitoci ne iyakarta. Abin da ba ya jin kira daga zaure, ta ina zai yi hira da tauraron ɗan'adam? Wayar da aka turo jita-jitar da ita, ita ce mai sanin inda kake kwana.

Wannan ba ya nufin babu abin tsoro. A 2008 masu bincike na Jami'ar Radboud da ke ƙasar Holan suka karya makullin ƙwayar MIFARE Classic, wadda katin jirgin ƙasa na Landan ke amfani da ita a lokacin. Kamfanin NXP da ya ƙera ta ya garzaya kotu don a hana su bugawa, kotu ta ƙi. Tun daga nan duniya ta san ana iya kwafar katin. Amma har gobe ana sayar da shi da araha, kuma mun ga ofisoshi da makarantu suna raba wa mutane irinsa a matsayin makullin ƙofa. Laifin namu ne, mu masu haɗa tsarin: mai kwangila ya ce a rage kuɗi, mu ce to.

Sai kuma rajistar da ke bayan ƙofar. Duk ɗora kati sai an rubuta wane ne, ƙarfe nawa, a wace ƙofa. A wata shida an san lokacin da ma'aikaci ke fita sallah, an san ranar da ɗaliba ba ta kwana a ɗakinta ba. Wa ke riƙe da wannan littafi? Shekara nawa zai ajiye shi? Idan kamfanin ya rushe, kwamfutar a hannun wa za ta ƙare?

Tun watan Yunin 2023 Nijeriya ke da dokar kare bayanan jama'a, kuma ta ba mutum damar ya tambayi me aka tara a kansa. Wannan tambayar ba mu taɓa jin an yi mana ita a majalisa ba. Ta allura kuwa, ko a makon jiya an sake yi mana, kuma mai tambayar yana wasa da katin ofishinsu a hannu.